Direban da ya zage ka ya gan ka: fashin baƙi kan mai keke da titunan karkara

A titunan da suka ratsa ƙauyukan Kano da Jigawa babu mai shan hon da zagi kamar mai keke. Ɗan acaɓa yana da gudun da zai tsere, mai amalanken shanu yana da girman da dole a kauce masa, mai tafiya a ƙasa kuwa taku biyu zai yi ya bar kwalta. Mai keke ne aka bari a tsakiya. Gudunsa bai kai ya bi sahun motoci ba, kayan da ya ɗaura kuma ba za su bar shi ya yi tsalle gefe ba. Duk wanda ya bi hanyar Wudil ranar Juma'a, ko ta Gujungu ranar Lahadi, ko ta Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ya san yadda abin yake: dattijo da buhun gero a kariyar kekensa, Golf ta taho a guje, hon ba ƙaƙƙautawa, sai kai ya leƙo ta taga, "Kai Baba, ka gaji da duniya ne?"

Shawarar da kowa ke ba mai keke ita ce ya yi haƙuri ya matsa. Ba ƙarya ba ce, amma ta yi kaɗan, domin ba ta gaya masa yaushe zai matsa ba, ko ina zai matsa, ko kuma lokacin da matsawar ce za ta kashe shi. Tsofaffin mahaya keke da suka shekara talatin suna bin kwalta lafiya ba haƙuri kaɗai ya tsare su ba. Sun koyi raba abu biyu da sabon shiga ke haɗawa, wato bakin direba da motar direba. Na farko yana ɓata rai. Na biyu ne ke karya ƙashi.

Sai an fara fahimtar abin da ke korar direban kansa. Yawancin motocin hayar da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan nan ba na masu tuƙa su ba ne. Akwai balas da za a kai wa mai mota da yamma, akwai kuɗin mai, akwai na tasha, akwai na 'yan kamasho, akwai abin da ake miƙawa a shingaye. Abin da ya rage bayan wannan shi ne na cefane. Ranar kasuwa ce ranar samu, kuma samun yana rataye da yawan sawu. Direban da ya sauke lodi a Shuwarin yana so ya koma ya shiga layi kafin abokinsa, don haka duk abin da ya sa shi taka birki gani yake kuɗi ne ake zare masa daga aljihu. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wannan ya yi aiki ta fuska biyu. Direba ya ƙara ƙuntata, mutane da yawa kuma suka jingine babur suka kai tsohon keke wurin mai faci aka gyara. Masu keke sun ƙaru a titi daidai lokacin da haƙurin direbobi ya ragu.

Ba uzuri nake nema wa kowa ba. Talauci ba ya halatta wa mutum ya goga wa dattijo madubi a kafaɗa. Kuma akwai wani ɓangaren da ba ruwansa da kuɗi, raini ne tsagwaronsa. A da, wanda ya sayi Raleigh sabo fil a ƙauye mutum ne da ake nunawa, malamin makaranta ko malamin gona. Da baburan Sin da na Indiya suka yi araha, sai keke ya koma alamar wanda bai samu ba. Yaron da bai wuce shekara ashirin ba, an ba shi Sharon jiya, yana kallon mai keke a matsayin wanda ya shigo gonar da ba tasa ba. Wannan tunani ba a ƙauye ya tsaya ba. A 2001 ministan sufuri na zamanin Obasanjo, Ojo Maduekwe, ya riƙa hawa keke zuwa aiki a Abuja don ya kwaɗaitar da jama'a, sai da wata bas ta jefa shi cikin kwata. In minista bai tsira ba, ina ga mai kai itace Ringim.

A doka dai keke abin hawa ne, yana da haƙƙin bin titi kamar mota, a hannun dama, hannun da Najeriya ta koma tun watan Afrilun 1972. Ƙa'idar hanya ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta kayyade wa motocin haya gudun kilomita 80 a sa'a a manyan tituna, 50 a cikin gari, tirela da tanka kuma ƙasa da haka. Tun watan Fabrairun 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar kayyade gudu. Wanda ya shiga motar Haɗeja daga Kano ya kalli allurar gudu, in tana aiki, ya san nisan da ke tsakanin takarda da kwalta.

Lissafin ne ke nuna inda haɗarin yake. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cinye kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Mai keke da kaya da wuya ya wuce kilomita 15. In motar tana bayansa da mita 100, cikin daƙiƙa biyar zuwa shida ta iso shi. A wannan ɗan lokaci ne direba zai gan shi, ya gane keke ne, ya duba ko wata motar na tahowa daga gaba, ya yanke shawara. Direban da ya danna hon tun daga nesa ya riga ya yi rabin aikin, ya gan ka. Ko da zagi ya biyo baya, idonsa na kanka. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ba a ji ɗuriyarsa ba, mai waya a kunne, ko mai gyangyaɗi bayan ya kwana a hanya, ko wanda rana ta kashe wa ido da la'asar sakaliya. Shi ba ya zagin kowa. Shi ya sa gogaggen mai keke ba ya ɓata lokaci kan abin da aka ce masa, kunnensa na kan ƙarar inji. Yana bambance hon ɗin sanarwa, guda ɗaya ko biyu daga nesa, da hon ɗin da aka danne ba a saki ba, wanda yawanci ke nufin akwai wata motar a gaba, ko birki ba zai kama ba, ka ceci kanka.

Yanzu ga inda shawarar "ka matsa" ke cutarwa. Mafi munin wuri a titin karkara shi ne bakin kwalta, daidai inda ta haɗu da ƙasa. Ruwan damina yana cin gefen har ya zama gaɓa, wani wurin tsayin ɗan yatsa, wani wurin har taƙi guda. Ƙasan gaɓar yashi ne, musamman a Jigawa inda jigayi suka yi yawa. Tayar keke siririya ce. In ta gangara daga gaɓar a guje ta shiga yashi, kan keken yana murɗewa. In mahayin ya firgita ya nemi komawa kan kwalta, tayar gaba ta goga gaɓar ta ƙi hawa, sai ya faɗi, kuma faɗuwar ciki take yi, wajen titi, gaban tayar motar da yake gudu. Ga kuma ƙaya da fasassun kwalabe da ke taruwa a wurin.

Akwai wata illar ta biyu. Faɗin hannu ɗaya na babban titi bai kai mita huɗu ba, tirela kuma ta kai kusan mita biyu da rabi. Keken da aka rataya wa jarkoki biyu a gefe da gefe, ko aka gicciya masa damin kara, ya kai mita guda ko fiye. Ba wurin da zai ishe su tare. Amma in mai keke ya manne a bakin kwalta, sai direba ya ga kamar akwai hanya, ya kutsa ba tare da ya rage gudu ko ya fita ɗaya hannun ba. Makurewar da mai keke ya yi don ladabi ita ta gayyato matsin. A Faransa doka ta wajabta wa direba barin tazarar mita ɗaya da rabi in zai wuce keke a wajen gari, Birtaniya ma ta sa irin wannan tazara a ƙa'idar hanyarta a 2022. A nan tazarar ita ce abin da imanin direba ya ba shi.

Don haka masu keken da suka san hanya abu biyu suke zaɓa tsakani, ba sa tsayawa a tsakiya. In titi ba cunkoso kuma ana hango nesa, suna tafiya kan kwalta sosai, kamar kamu ɗaya ko biyu daga baki, a miƙe, ba lilo, yadda direba zai gan su da wuri ya san dole ya kewaye. Za a yi musu hon, wataƙila a yi musu daƙuwa, amma za a kewaye. In kuwa suka ji ƙarar babbar mota a baya suka kuma hango wata a gaba, ko ana dab da gada ko kwana, tun da sauran nisa suke rage gudu, su zaɓi wurin da gefen ya yi sauƙi, su sauka gaba ɗaya, ƙafa a ƙasa. Bambancin yana cikin lokacin yanke shawara. Wanda ya sauka da kansa tun mota na nesa yana riƙe da kekensa. Wanda hon ya kora a daƙiƙar ƙarshe keken ne ke riƙe da shi.

Tirela da tifa sai an yi musu magana daban. Babbar mota a guje tana tura iska a gabanta, ta hankaɗa mai keke waje, sannan in jikinta ya zo wucewa iskar ta jawo shi ciki. Mai kaya masu faɗi, irin su tabarmi ko buhunan ƙaiƙayi, shi ya fi jin wannan. Sannan direba a hagu yake zaune, mai keke kuma a dama yake tafiya, ɓangaren da madubi ba ya nuna komai na kusa da taya. In doguwar mota za ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa. Mutum zai ga kan motar ya wuce shi lafiya ya saki jiki, sai gindin ya share shi. A kasuwannin gefen titi kamar na yankin Kwanar Gafan lokacin tumatir, inda manyan motoci ke tsayawa suna tashi, kutsawa ta damar motar da inji ke aiki kasada ce ko da direban mutumin kirki ne.

Wata dabarar da ta bazu, wadda nake ganin ta fi kowace cutarwa, ita ce bin hannun da ba naka ba. Ka tambayi mai yi, zai ce gara ya ga abin da ke tahowa da a zo masa ta baya. Tsoronsa gaskiya ne, keke ba madubi, kuma wanda aka taɓa gogewa ta baya ba ya mantawa. Sai dai lissafin ya juye masa. In kuna tafiya hannu ɗaya, mota a 80 kai a 15, da gudun 65 take cim maka. In kuna fuskantar juna gudun ya zama 95. Lokacin da direba ke da shi ya ragu, ƙarfin karon kuma ya ninka fiye da sau biyu, tunda ƙarfin bugu ba daidai da gudu yake hawa ba, ya fi shi saurin hawa. Ga shi duk mai fitowa daga wata hanya ko daga gidan mai ɓangaren da motoci ke zuwa yake kallo, ba ya tsammanin kowa daga ɗaya gefen. Titin Kano zuwa Maiduguri da aka mayar tagwaye ya ƙara wannan ɗabi'a, domin mutumin da gonarsa ke tsallake ba zai yi doguwar tafiya neman mahaɗa ba. Madubin babur na gwanjo da bakanike zai ɗaura a kan keke yana magance tsoron da ya haifar da ita.

Magariba ce lokacin da zagi ke raguwa haɗari ke ƙaruwa. An tashi daga kasuwa, kowa na sauri, ƙura ta tashi, in lokacin hunturu ne ga hazo. Yawancin kekunan ƙauye ba fitila, ɗan jan gilashin baya ya daɗe da faɗuwa. Direban da fitilar motar gaba ta haske wa ido ba ya ganin mai baƙar riga sai ya zo kansa. Mutane suna ƙoƙari da abin da suke da shi: wani ya riƙe tocilar waya a baki, wani ya soke ta a hula, wani ya ɗaure tsohon faifan CD a bayan kariya. Sai dai tocilar gaba hanya take nuna wa mahayi, haɗarin kuwa daga baya yake. Jan tef mai ƙyalli irin wanda ake liƙa wa tireloli, a manna a marfin tayar baya da feda, ya fi ta amfani. Na feda ya fi, saboda yana hawa yana sauka, ido kuma abin da ke motsi yake fara kamawa. Farar riga ma ba ƙaramin taimako take ba.

To in an riga an yi zagin fa? A nan ne samari ke faɗawa. An matse shi, jini ya hau, ya ɗaga hannu ɗaya ya mayar da daƙuwa, ya waiwaya yana rama zagi, kan keke na rawa, alhali wata motar na biye. Wani ya bi motar har inda ta tsaya sauke fasinja a yi cacar baki, ga direba ga yaron mota ga 'yan kamasho, shi kaɗai. Ban taɓa ganin an ci riba a irin wannan ba. Dattawa sukan ce "Allah ya kiyaye hanya, direba," ko "Allah ya shirye ka, yaro," su ci gaba da taka feda. Wasu na ɗauka rauni ne. Ni ina ganin hannu biyu a kan keke ne. Kuma sau da yawa wanda ke rama wa mai keke yana cikin motar. Wata Hajiya daga kujerar baya za ta ce, "Haba direba, sa'an mahaifinka ne fa, ka bi a hankali, rayuka ka ɗauko." Wannan yana shiga fiye da duk abin da za a faɗa daga waje, domin ita ta biya kuɗin mota. Fasinjan da ke cewa "direba taka mana, mun makara" shi ma da hannunsa a abin da ya biyo baya.

Haɗiye fushi a kan titi ba ya nufin a bar magana ta mutu. Motocin da ke bin hanyar ƙauye ba baƙi ba ne. Kowace tana da tashar da take lodi, kowace tasha tana da shugaban ƙungiyar direbobi ta NURTW, kuma abin da direba ke tsoro fiye da tarar hukuma shi ne a hana shi layi na kwana biyu. Wanda ya riƙe lambar mota, ko launinta da rubutun da ke bayanta, ya je tasha da sanyin safiya tare da wani babba ya ce, "Ranka ya daɗe, yaronku mai jar Golf ɗin nan yana neman kashe mana mutane a kwanar makaranta," ya fi samun biyan buƙata. In abin ya zama na gari ne, mai unguwa da dagaci su ne bakin da tasha ke ji. A cikin birni akwai hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, KAROTA, amma a karkara wannan tsohon tsarin ne ke aiki.

Inda tsarin ke gazawa shi ne bayan an yi haɗari. Direba yakan gudu, wani lokaci don mugunta, sau da yawa don tsoron kada a taru a kansa a ƙona motar. Wannan tsoro yana jawo asarar rai, domin motar da ta buge mutum ita ce mafi kusa da za ta kai shi asibiti. In kuma ya tsaya, sai a zauna gaban manya, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a biya kuɗin mai ɗori da na gyaran keke, a yafe. Yafiya abu ne mai kyau, amma mutumin da ƙafarsa ta karye ana dab da shuka ya rasa damina guda, iyalinsa kuma ba su san cewa akwai wani haƙƙi da doka ta ajiye masa ba. Kowace mota a Najeriya wajibi ne ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, 'yan sanda kuma suka fara matsa bincikenta a Fabrairun 2025. Direbobi suna ɗaukar ta takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai, wasu ma ta bogi suke riƙewa. Neman haƙƙin yana buƙatar rahoton 'yan sanda da takardar asibiti, abin da sulhun zaure ke tsallakewa. Lambar gaggawa ta FRSC kuma, 122, kyauta ce, ya kamata a ce kowane mai shayi da mai faci na bakin titi ya haddace ta.

Akwai laifin da ba na direba ba ne, na gari ne. Inda aka yi sa'a titi yana da faffaɗan gefe mai kwalta, wurin da mai keke zai bi hankali kwance, da kaka sai ya koma wurin shanya. Shinkafa, barkono, masara, zoɓo, an baza an jera duwatsu a kewaye don kada mota ta taka. Mai keke ya zo, dole ya fita tsakiyar titi, a daidai inda direba bai zata ba, duwatsun kuma sukan kwana a nan bayan an kwashe shanya. Mai shanyar da mai keken sau da yawa 'yan gida ɗaya ne. Haka tudun rage gudu da matasa ke ginawa cikin fushi bayan an buge wani, ba fenti ba alama: mota takan kauce masa ta gangaro gefe, kan mai keke. In za a yi, a nemi hukuma ta yi shi da faɗi daga baki zuwa baki, a shafa masa farin fenti, a kafa allo tun daga nesa.

Sai yara. Uba zai ba ɗan shekara tara babban Phoenix ya aike shi kai niƙa garin da ke gaba. Ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi, sai ya zura ta ƙarƙashin sandar keken yana tuƙi a karkace, ba ya iya waiwaye, yatsunsa ba sa cika birki. Duk abin da aka faɗa a sama na karanta hon da zaɓen wurin sauka ya dogara ne da hankalin da ke iya auna gudun mota daga nesa, yaro kuwa bai kai nan ba. Yawancin ƙauyuka suna da burtali ko hanyar gona da ke bin titi a gefe. Ta fi nisa, yashi kuma ya fi yawa, wani wurin sai ya sauka ya tura. Ranar kasuwa dai ita ya kamata a ce ya bi, ko a jira wansa ya dawo daga gona.